Tururi, Kwal da Ruwa: Sharhi kan Tasirin Injin Tururi a Masana'antu, Sufuri da Aikin Ruwa

Har zuwa farkon ƙarni na 18, duk wani aiki mai nauyi da ɗan'adam ya sa a gaba, ko niƙa ne, ko dakon kaya, ko janyo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa, ya dogara ne da ɗaya daga cikin abubuwa huɗu: ƙarfin jikin mutum, ƙarfin dabba, gudun ruwan kogi, da kaɗawar iska. Kowane ɗayansu kuwa yana da iyakar da ba ta ƙetaruwa, domin mutum da dabba suna gajiya kuma dole a ciyar da su ko sun yi aiki ko ba su yi ba, kogi yana nan inda yake kuma yana janyewa da rani ko ya daskare da hunturu, ita kuwa iska ba ta da alƙawari da kowa. Injin tururi shi ne na'ura ta farko da ta iya karɓar zafin wuta ta mai da shi motsi mai amfani, a wurin da ake so kuma a lokacin da ake so, muddin akwai makamashi da ruwa. Sai dai yaɗuwarsa ta ɗauki fiye da shekara 150, kuma idan aka bi diddiginta za a tarar ta bi sawun abu guda ne, wato yawan kwal ɗin da injin ke ci kafin ya yi aikin da ake nema. Duk sa'ad da maƙera suka rage masa ci, sai ya sami shiga wani fagen da a da tsadarsa ta hana shi, daga ramin haƙar ma'adinai zuwa masaƙa, daga nan zuwa layin dogo, sannan zuwa tsakiyar teku.

Asalin injin: ruwa a ramin haƙa

Aikin injin tururi ya ginu ne a kan halaye biyu. Na farko, idan ruwa ya tafasa ya zama tururi, yakan nemi wurin da ya ninka wanda ruwan ya cika kusan sau 1,700, idan kuwa aka tsare shi a rufaffen mazubi sai ya riƙa tura bangon mazubin da ƙarfi, wannan turawa ita ake kira matsi. Na biyu, idan aka sanyaya tururin farat ɗaya, yakan koma 'yan ɗigon ruwa ya bar mazubin fanko, babu ko iska a cikinsa, a nan ne iskar da ta lulluɓe duniya, wadda ke danna kowane murabba'in santimita da nauyin kimanin kilo ɗaya, take samun damar nuna ƙarfinta. Mutanen da sun san hali na farko, domin Hero na Iskandariya ya siffanta wata ƙwallo da tururi ke juyawa tun a ƙarni na 1, Taƙiyyuddin kuma, masanin zamanin Daular Usmaniyya, ya bayyana a 1551 wata dabara ta juya tsinken gashin nama da tururi. Hali na biyu kuwa sai a ƙarni na 17 aka tabbatar da shi, ta gwajin Torricelli a Italiya a 1643 da na Otto von Guericke a Jamus, kafin Bafaranshe Denis Papin ya nuna a 1690 cewa sanyaya tururi a cikin silinda, wato bututun ƙarfe mai faɗi, yana iya janyo fistin, wato faifan ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin bututun.

Abin da ya fitar da wannan ilimi daga ɗakin gwaji shi ne matsalar da ta addabi mahaƙan Ingila. Itace ya yi ƙaranci, jama'a sun koma ƙona kwal, ramukan kwal na yankin Newcastle da na kuza da tagulla na yankin Cornwall suna ta ƙara zurfi, kuma duk ramin da ya wuce wani mizani sai ruwan ƙasa ya tsatso ya cika shi. Dawakai masu zagaye suna janyo guga ba su iya cim ma ruwan, har ramuka da yawa masu arziki suka zama kufai. A 1698 Thomas Savery ya sami takardar haƙƙin ƙirƙira kan wani famfo mai tsotso ruwa da tururi, amma tsotso ba ya iya ɗaga ruwa sama da kimanin mita goma, tukwanen zamanin kuma ba sa jure matsin da ake bukata don tura shi sama da haka.

Wanda ya warware matsalar shi ne Thomas Newcomen, mai sana'ar kayan ƙarfe daga garin Dartmouth, wanda ya kafa injinsa na farko a 1712 a wani ramin kwal kusa da Dudley. Siffarsa ta yi kama da jigon masu lambu: ƙaton gungumen katako ne a kwance bisa bango, yana rinjaya nan da can, an rataya sandar famfo mai nauyi a gefen da ke bakin rami, an rataya fistin a ɗaya gefen, a cikin silindar da ke zaune bisa tukunyar tafasa ruwa. Nauyin sandar famfo yakan ja gefensa ƙasa, fistin ya tashi sama, tururi ya cika silinda. Sai a rufe ƙofar tururi a fesa ruwan sanyi a ciki, tururin ya koma ruwa, iskar waje ta danno fistin ƙasa, gungumen ya rinjaya, sandar famfo ta tashi da ruwa. Injin na Dudley yana yin haka kimanin sau 12 a minti ɗaya, kowane bugu yana ɗago lita 45 daga zurfin da ya kusa mita 50, dare da rana. Aibinsa shi ne haɗama, domin abin da yake mayarwa aiki daga zafin kwal ɗin da ya ci bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. A bakin ramin kwal wannan bai dami kowa ba, tunda akwai ɓarɓashin da ba shi da kasuwa, amma a Cornwall, inda babu kwal sai an ɗauko ta teku daga Wales, kuɗin makamashi yana iya cinye ribar ramin.

Gyaran Watt da shigar tururi masana'antu

James Watt, mai gyaran kayan gwaji a Jami'ar Glasgow, ya gano inda asarar take sa'ad da aka ba shi gyaran wani ƙaramin samfurin injin Newcomen. A kowane bugu ana zafafa silinda sannan a sanyaya ta, saboda haka mafi yawan sabon tururin da ke shiga yana ƙarewa ne wajen sake ɗumama ƙarfen da aka sanyaya yanzun nan. A 1765 ya yi tunanin ware wani mazubi dabam da zai zauna cikin sanyi kullum, a riƙa zuƙe tururin zuwa can ya koma ruwa, ita kuwa silinda ta zauna da zafinta. Ya sami haƙƙin ƙirƙira a 1769, amma tunanin bai zama inji mai aiki ba sai da abu biyu suka samu: jarin Matthew Boulton na Birmingham, wanda suka haɗa gwiwa da shi a 1775, da kuma na'urar da John Wilkinson ya ƙera don huda bututun igwa, wadda ta iya rarake silinda sumul yadda fistin zai zauna daram ba tare da tururi ya tsiyaye ba. Injin Watt yana cin kimanin rubu'in kwal ɗin da tsohon injin Newcomen ke ci, shi ya sa masu ramukan Cornwall suka zama manyan masu sayensa na farko, kuma ladan da kamfanin ke karɓa shi ne sulusin kuɗin kwal ɗin da aka yi tsiminsa. Wannan tsarin biya kaɗai ya isa ya nuna abin da ake saye da sayarwa a zamanin.

Har zuwa nan injin famfo ne kawai, mai motsin sama da ƙasa. Ko da ya fara shiga masana'antu ma, da wannan aikin ya shiga, domin a maƙerar Coalbrookdale tun shekarun 1740 an sa injin Newcomen ya riƙa mayar da ruwan da ya riga ya juya wilin ruwa zuwa tafkin sama, don ya sake gangarowa ya juya shi. Tsakanin 1781 da 1788 ne Watt ya ƙara gyare-gyaren da suka mai da shi injin masana'anta: haɗin giyar da ke mai da hawa da sauka ya zama juyi, shigar da tururi ta sama da ta ƙasan fistin don ya yi aiki a tafiya da dawowa, da kuma ma'aunin gudu mai ƙwallaye biyu, waɗanda ke buɗewa idan injin ya yi sauri su rage tururin da ke shiga, abin da masu kaɗi ke matuƙar bukata tunda zare yana tsinkewa idan gudu bai daidaita ba. Don ya fahimtar da masu saye, Watt ya auna injinansa da ƙarfin doki, wanda ya kai kimanin ɗaga kilo 75 tsawon mita ɗaya cikin daƙiƙa ɗaya.

An saba cewa tururi ne ya haifi juyin masana'antu, amma lissafin ya nuna cewa ruwan kogi ne ya raine shi. Masaƙar Richard Arkwright da aka kafa a Cromford a 1771, wadda ake ɗauka abin koyi ga masana'antun auduga, da wilin ruwa take aiki. Ƙiyasin masana tarihin tattalin arziki ya nuna cewa a 1800 injinan tururi na Birtaniya gaba ɗaya ba su wuce ƙarfin doki 35,000 ba, alhali wilin ruwa yana ba da kimanin 120,000, kuma sai wajajen 1830 suka yi kunnen doki, kafin tururi ya yi fintinkau ya kai kimanin miliyan biyu a 1870. Abin da ya rinjayi masu masaƙu daga baya shi ne wurin zama, fiye da arahar makamashi. Mai dogaro da kogi dole ya bi shi cikin ƙauye, ya gina wa ma'aikata gidaje, ya kuma haƙura da tsayawar aiki idan ruwa ya ja baya, shi kuwa mai injin tururi yana iya kafa masana'antarsa a tsakiyar gari, inda ma'aikata suke da yawa kuma kasuwa take kusa. Ta haka Manchester, wadda mazaunanta ba su kai 100,000 ba a 1801, ta haura 300,000 a 1851. A cikin irin wannan masaƙa inji ɗaya ne ke juya doguwar sandar ƙarfe da ta ratsa kowane bene, daga sandar kuma bel-bel na fata suke saukowa zuwa ɗaruruwan na'urorin kaɗi da saƙa, saboda haka da injin ya tashi kowa ya tashi, kuma gudunsa shi ne gudun hannun kowane ma'aikaci har a tashi aiki.

Sufuri: dogo, kogi da teku

Injin Watt ya yi girma da nauyin da ba zai iya ɗaukar kansa ya yi tafiya ba, kuma Watt ya ƙi yarda da tururi mai matsi sosai don tsoron fashewar tukunya. Da wa'adin haƙƙinsa ya ƙare a 1800, Richard Trevithick a Cornwall da Oliver Evans a Amurka suka bi wannan hanya da ya guje wa. Idan matsin tururi ya ninka na iskar waje sau da yawa, shi kansa yana iya tura fistin, sai a sake shi ya fita ba tare da an sanyaya shi ba, ta haka injin ya ƙanƙance har ya hau bisa ƙafafu. A watan Fabrairu na 1804 kan jirgin da Trevithick ya ƙera ya ja tan 10 na ƙarfe da mutum 70 tafiyar kimanin kilomita 16 daga Penydarren a Wales cikin sa'o'i huɗu da 'yan mintuna, amma nauyinsa ya farfasa dogon, wanda aka yi da ƙarfen zubi mai gautsi. Sai da aka sami dogo na ƙarfen da aka buga, mai jure nauyi, sannan aka buɗe layin Stockton zuwa Darlington a 1825, musamman don jigilar kwal. A gasar Rainhill ta 1829 kan jirgi mai suna Rocket na George Stephenson da ɗansa Robert ya yi nasara da dabaru biyu da suka zama ƙa'ida daga baya: an ratsa tukunya da ƙananan bututu 25 da zafin wuta ke bi ta cikinsu don ruwa ya tafasa da sauri, an kuma sako tururin da ya gama aiki ta bututun hayaƙi don ya riƙa zuƙo iska yana hura wutar, ta yadda ƙara gudu ke ƙara ƙarfin wuta. A 1830 aka buɗe layin Liverpool zuwa Manchester, kuma kafin 1850 Birtaniya ta shimfiɗa dogo mai tsawon kusan kilomita 10,000. Indiya ta sami layinta na farko na fasinja a 1853, Masar kuma ta haɗa Iskandariya da Alƙahira a 1856.

A kan ruwa, koguna ne suka fara cin moriyar tururi, saboda wahalar da ke cikin hawan kogi a kan gudun ruwa, da kuma sauƙin samun itace a gaɓa. Jirgin Robert Fulton ya tashi daga New York zuwa Albany a 1807, tafiyar kilomita 240, cikin sa'o'i 32, a kogunan Mississippi da Ohio kuwa hawan da ke cin wata uku ko huɗu daga New Orleans zuwa Louisville ya dawo ƙasa da mako ɗaya kafin shekarun 1850 su ƙare. Teku ta fi wuya, domin babu inda za a tsaya a ƙaro makamashi, kuma duk wurin da kwal ya cika a cikin jirgi an hana wa kayan da za a biya kuɗin dakonsu. Jiragen Sirius da Great Western sun ƙetare Tekun Atlantika da tururi a 1838, amma shekaru da yawa bayan haka wasiƙu da fasinjoji masu hali ne kawai ke iya biyan kuɗin, manyan kaya na tafiya mai nisa kuwa suka ci gaba da bin jiragen filafilai. Abin da ya karya wannan shinge shi ne injin da ke amfani da tururi ɗaya sau biyu, a ƙaramar silinda da matsi mai yawa sannan a babba da ragowar matsin, wanda ya shiga jirage daga shekarun 1850, sai kuma buɗe mashigin Suez a 1869. Bukatar wuraren ƙaro kwal a hanya ta shiga lissafin mulkin mallaka, kuma tana cikin dalilan da suka sa Birtaniya ta kama Adan a 1839.

Ta wannan ƙofa tururi ya iso Afirka ta Yamma. A 1832 Macgregor Laird ya shigo kogin Kwara da jiragen tururi biyu, Quorra da Alburkah, amma zazzaɓi ya kashe mafi yawan Turawan da ke ciki, sai a 1854 jirgin Pleiad ƙarƙashin William Baikie ya hau Binuwai ya dawo ba a rasa rai ba, saboda shan kwinin a kai a kai. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Masu masaƙun Ingila sun sa ran auduga ce za ta cika taragai, amma manoma da 'yan kasuwar Kano suka ga gyaɗa ta fi riba, suka rungume ta, ayarin raƙuma zuwa Tarabulus kuwa, wanda dama ya raunana, ya ƙara durƙushewa. Kwal ɗin da aka gano a yankin Udi a 1909, wanda dogon Fatakwal ya isa gare shi a 1916, shi ya riƙa ciyar da waɗannan jirage.

Sarrafa ruwa: busar da ƙasa da shayar da birane

Fagen da aka fi mantawa da shi shi ne wanda injin ya fara da shi, kuma a nan ne ya fi daɗewa yana aiki. A ƙasashen da ke kwance ƙasa da doron teku, kamar Holan da dausayin gabashin Ingila, noma ba ya yiwuwa sai an riƙa ɗebe ruwa ana zubawa a kogi, kuma ɗaruruwan shekaru injinan iska ne ke wannan aiki, waɗanda kan tsaya cik a ranar da aka fi bukatarsu idan ruwan sama ya zo babu iska. Injin da aka kafa a Stretham, cikin wannan dausayi na Ingila, a 1831 ya maye gurbin irin waɗannan injina, yana juya ƙaton wili mai ludaya da ke kwasar ruwa daga magudana zuwa kogi. Sai dai ƙasar wurin ruɓaɓɓen ciyayi ce da ruwa ya kumbura, da ta bushe sai ta motse ta nutse. Ginshiƙin ƙarfen da aka kafa a Holme, a wannan dausayi, a wajajen 1851, kansa daidai da doron ƙasa, yau ya fito sama da kimanin mita huɗu, ma'ana duk nasarar da famfo ya samu tana ƙara tsawon da zai ɗaga ruwa gobe.

Aiki mafi girma na wannan zamani shi ne busar da tafkin Haarlem a Holan, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 180, wanda ke cin gaɓarsa shekara da shekaru. Tun a ƙarni na 17 injiniya Leeghwater ya ba da shawarar a busar da shi da injinan iska 160, ba a yi ba, sai da guguwa biyu na ƙarshen 1836 suka kora ruwansa har bakin Amsterdam da Leiden sannan gwamnati ta yanke shawara. Aka kewaye tafkin da ganuwa da magudana, aka kafa tashoshin famfo uku, Leeghwater da Lynden da Cruquius, da injinan da aka ƙero daga Cornwall, inda tsadar kwal ta koya wa maƙera tsimi fiye da ko'ina. Silindar injin Cruquius tana da faɗin mita 3.66, tana zaune a tsakiyar gini mai siffar da'ira, hannuwan ƙarfe takwas sun fito ta bangonsa, kowanne riƙe da famfon da ke ɗaga lita 8,000 a bugu ɗaya. Daga 1848 zuwa 1852 aka kwashe ruwan da ya kai kimanin tan miliyan 800, kuma a kan wannan ƙasa filin jirgin sama na Schiphol yake a yau.

A birane kuwa tururi ya ba da damar ɗaga ruwan kogi zuwa tafki mai tudu, daga nan ya gangaro ta bututu zuwa gidaje. Paris ta kafa famfon Chaillot a 1781 da injinan Watt, Philadelphia kuma ta fara shayar da jama'arta da tururi a 1801, amma kuɗin itacen da injinan ke ci ya yi yawa har birnin ya datse kogin Schuylkill ya koma wilin ruwa a 1822, abin da ke sake tabbatar da cewa inda makamashi ya yi tsada tururi ba ya zama. Darasi mafi ɗaci ya fito ne daga Landan, inda kamfanoni ke ɗebo ruwan sha daga kogin Thames, a daidai yankin da magudanan ƙazantar birnin ke zuba. Famfo ba ya bambanta ruwa mai kyau da gurɓatacce, abin da ya tarar shi yake rabawa gida-gida. A annobar kwalara ta 1854 likita John Snow ya kwatanta gidajen da ke shan ruwan kamfanin Southwark da Vauxhall, mai ɗiba a cikin gari, da na kamfanin Lambeth, wanda ya mayar da maɗebarsa can sama da birnin a 1852, ya tarar mace-macen gidajen farko sun ninka na biyun fiye da sau takwas. Bayan ɗoyin kogin ya addabi majalisar dokoki a bazarar 1858, aka ba Joseph Bazalgette aikin gina manyan magudanan da za su tare ƙazanta su kai ta gabas da birnin, kuma da yake ƙasar ba ta da gangaren da zai kai ta can da kanta, injinan tururi na tashar Crossness, da aka buɗe a 1865, da na Abbey Mills, da aka buɗe a 1868, su ke ɗaga ta. Injin da ya taimaka wajen yaɗa cutar shi ne kuma ya taimaka wajen kawar da ita, bambancin yana ga inda aka ɗebi ruwa da inda aka zubar da shi.

Abin da aka biya, da hukuncin tarihi

Riba mai yawa ta samu, amma waɗanda suka biya kuɗinta ba su ne suka fi cin ta ba. Famfo ya ba da damar zurfafa rami, zurfi kuma ya ƙara haɗari: a 1862, a ramin Hartley da ke arewacin Ingila, gungumen ƙarfen injin famfo ya karye ya faɗa cikin ƙofar ramin guda ɗaya tilo ya toshe ta, mutum 204 suka mutu a ƙasa, sannan aka yi dokar da ta wajabta wa kowane rami mafita biyu. Sai a 1833 aka sami dokar da aka tilasta aiki da ita wajen hana sa yaran da ba su kai shekara tara ba aiki a masaƙun auduga, sai a 1842 ta hana mata da yara 'yan ƙasa da shekara goma shiga ramin kwal. Audugar da masaƙun Manchester ke haɗiya bayi ne ke noma mafi yawanta a kudancin Amurka har zuwa shekarun 1860, yadin da suke fitarwa da araha kuma ya karya masu kaɗi da masaƙan hannu a Ingila da Indiya. Kwal ɗin da Birtaniya ke haƙowa ya tashi daga kimanin tan miliyan uku a 1700 zuwa miliyan 287 a 1913, domin duk tsimin da aka samu a inji ɗaya yakan sa a kafa wasu da yawa, kuma daga wannan zamani ne hayaƙin da ke ɗumama duniya ya fara taruwa da gaske.

Injin mai fistin ya ja baya a ƙarni na 20, amma tururi bai bar aiki ba. Tun da Charles Parsons ya ƙera injin da tururi ke juya farfelarsa kai tsaye a 1884, wannan hanya ce ke samar da babban kaso na lantarkin duniya, har da na tashar Egbin da ke Legas da ta Anu Araren da ke jihar Agadas. Hukuncin da tarihin ya bayar a fili yake. Na'ura ba ta kafuwa a wuri don kyawun dabararta kaɗai, sai makamashinta ya yi araha, an sami maƙeran da za su ƙera ta su gyara ta, kuma akwai bukatar da ta kai a biya kuɗinta. Bayan ta kafu kuma, ba ita ke zaɓar wanda zai amfana da wanda zai cutu ba, doka da hukuma ne ke yin wannan, kuma a zamanin tururi sun riƙa zuwa ne a makare, bayan an riga an yi asarar rayuka. Al'ummar da ke shirin karɓar sabon makamashi a yau ya kamata ta tanadi maƙeransa da dokokinsa tun kafin ta kafa injinsa.